Bango da Takarda: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Zanen Titi da Zanen Sinawa na Zamani

A Taloka, ko Goronyo, ko Achida, ko cikin garin Wurno da Rabah, da wuya ka sami bangon bakin hanya da aka bari fes. Masu ɗigon rigakafin shan-inna sun bar alamarsu da alli a gefen ƙofa. 'Yan siyasa sun biya samari sun rubuta "Sai wane" da jan fenti, zaɓe ya wuce, damina ta wanke rabin sunan. A lungu an rubuta gargaɗin da kowa ya sani game da fitsari, wani lokaci har da kuɗin tara. Mai maganin basir ya sa lambar wayarsa. Yara sun ɗauki gawayi sun zana mota da sunan ƙungiyar ƙwallon da suke so. Ga kuma manyan motocin da ke lodin albasa da tafarnuwa zuwa Kudu, bayansu cike da zaki da dawisu da hasumiyar masallaci da karin magana.

Ba mu saba kiran waɗannan abubuwa fasaha ba. Amma a duniyar masu zane, rubutun bango ya zama fanni mai zaman kansa da ake kira girafiti, da gwanayensa da tarihinsa da kasuwarsa. A ɗaya gefen kuma akwai zanen Sinawa na zamani, wanda cikin abin da bai kai shekara 40 ba ya tashi daga kayan da 'yan sanda ke kwashewa ya koma kayan da attajirai ke zuba wa miliyoyin daloli. A ido kamar ba abin da ya haɗa su. Ɗaya na yaro ne mai gwangwanin fenti a aljihu yana waige-waige, ɗayan na mutumin da ya shekara da shekaru yana koyon riƙe burushi. Sai dai dukansu daga rubutu suka fito, kuma a dukansu hannu ake dubawa kafin a tambayi me aka zana. Wanda ya taso da allo da tawada, ya san abin da ake nufi in an ce alaramma wane yana da hannu, ya riga mutane da yawa a Landan shirin gane wannan magana.

Suna a jikin jirgi

Rubuta suna a inda ba a ce ka rubuta ba tsohuwar ɗabi'a ce. Birnin Pompeii na Italiya, wanda aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, da aka tono shi an tarar da bangayensa cike da zagi da kalaman soyayya da tallan 'yan takara. A duwatsun Azbin, Buzaye sun daɗe suna karta rubutu da haruffansu na Tifinag. Amma girafitin da ake magana a kai yau haifaffen Amurka ne, na ƙarshen shekarun 1960. A Filadelfiya wani matashi da ake wa laƙabi da Cornbread ya riƙa rubuta laƙabinsa a ko'ina don wata yarinya ta lura da shi. A Niyok wani ɗan aike, ɗan asalin Girka, ya haɗa laƙabinsa da lambar titin gidansu ya zama TAKI 183, duk inda aike ya kai shi sai ya bar shi a bango ko a jirgi. Jaridar New York Times ta ba da labarinsa a watan Yuli na 1971, daga nan yaran unguwannin talakawa suka ɗauka gaba ɗaya.

Abin yana da hawa-hawa. Na ƙasa shi ne sa hannu kawai, laƙabi da launi ɗaya, cikin ƙiftawar ido. Sai manyan haruffa masu ƙumbo, launi biyu, waɗanda ake cikawa cikin 'yan mintuna. Sai cikakken aiki, wanda kan rufe taragon jirgin ƙarƙashin ƙasa daga sama har ƙasa, a yi shi da dare a inda ake ajiye jirage, da safe ya zaga gari kowa ya gani. Gwanaye sukan murɗa haruffan su sarƙe su har sai ɗan hannu kaɗai ke iya karantawa. Suna da dokokinsu kuma: ba ka rufe aikin wanda ya fi ka, ba ka satar salon wani, kuma darajarka tana ga yawan wuraren da sunanka ya kai, da haɗarin wurin, da tsabtar layinka. Hukuma kuwa ɓarna ta ɗauke shi. Magajin garin Niyok John Lindsay ya ɗaura yaƙi da shi a 1972, aka yi ta fama, sai a 1989 hukumar jiragen ta ce ta janye tarago na ƙarshe mai zane. Kafin nan abin ya riga ya tsallaka teku tare da kiɗan hip-hop, ya cika gefen yamma na katangar Balin.

Kuɗi ya shigo daga baya. Jean-Michel Basquiat, ɗan wani mutumin Haiti, ya fara da rubuta SAMO a bangayen Niyok shi da abokinsa, ya koma zane a kan ƙyalle, ya mutu a 1988 yana da shekara 27. A 2017 wani attajirin Japan ya sayi zanensa guda ɗaya dala miliyan 110.5. Banksy na Ingila, wanda ke aiki a ɓoye, an sayar da wani zanensa sama da fam miliyan ɗaya a 2018, ana buga guduma sai wata na'ura da ya ɓoye cikin firam ta yanyanka rabinsa a gaban jama'a. Yankakken aka sake sayarwa a 2021 kan fam miliyan 18.6. Ya so ya yi wa kasuwa ba'a ne, kasuwa ta sayi ba'ar.

Kunkunniya da manne

Zanen Sinawa na asali yana tsaye kan kaya huɗu: burushi, tawada, takarda, da dutsen niƙa tawada. Burushin na gashin dabba ne, akuya ko zomo ko makamantansu, a ɗaure a bakin gora, yana da tsini. Tawadar kuwa duk almajiri zai gane ta. Hayaƙin itace ko na mai ake tarawa, wato kunkunniya, a kwaɓa da mannen da aka dafa daga fatar dabba, a busar ya zama ɗan sanda. In za a yi aiki sai a ɗiga ruwa a kan dutsen a goga sandan har baƙin ya kai yadda ake so. Mu a nan gawayi ko baƙin tukunya muke haɗawa da ƙaro don allo, mu dafa bagaruwa don tawadar takarda, mu fiƙe gamba ta zama alƙalami. Hikimar ɗaya ce: baƙin wuta da abin da zai riƙe shi.

Ita kanta takarda daga Sin ta faro. Tarihinsu yana jingina ta ga wani bafade mai suna Cai Lun a shekara ta 105, ta iso hannun Musulmi ta Samarƙandi da Bagadaza a ƙarni na 8, daga baya Turawa suka koya. Da yawa daga cikin littattafan da malaman Daular Usmaniyya suka bari, irin waɗanda ake ajiye da su a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, a kan takardar Italiya aka rubuta su, mai alamar jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa ta Sahara. Ke nan lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke zaune a ribaɗinsa na Wurno yana wallafa, kafin rasuwarsa a can a 1837, abin da yake rubutu a kai sana'ar Sinawa ce da ta zago ta hannu da yawa.

Takardar da masu zanen Sin suka fi so ana yin ta a lardin Anhui daga ɓawon itace da karan shinkafa, kuma tana shan tawada nan take. Babu gogewa, babu gyara. Layin da ka ja shi ke nan, in hannunka ya yi rawa kowa zai gani, in ka yi jinkiri tawada ta bazu. Allo ana wanke shi, amma alarammar da ke rubuta Alƙur'ani da ka a kan takarda ya san wannan hali sarai. Kuma da yake burushin da ake rubutu da shi shi ne ake zane da shi, mai zane a Sin daga kwafar haruffa yake farawa, yana bin hannun magabata irin su Wang Xizhi na ƙarni na 4, shekara da shekaru, kafin a ce ya isa ya yi nasa. Ganyen gora guda, ja ɗaya ne na burushi: a dangwala, a danna, a ɗaga. Masana ba sa tambayar ko ya yi kama da ganye. Suna duba ƙarfin jan, da saurinsa, da inda tawada ta yi kauri da inda ta bushe. Wurin da aka bari fari shi ma aiki ne, shi ne kogin, ko hazon da ya rufe dutse.

Zane ba ya cika sai mai shi ya rubuta 'yan baitoci a gefe, ya sa suna, ya buga jan hatimi. Wanda ya saya shi ma yana iya buga nasa hatimin, ya ƙara rubutu. Sarki Qianlong na ƙarni na 18 ya yi ƙaurin suna a wannan: akwai wani dogon zanen duwatsu da ya so ƙwarai, ya yi rubutu a jikinsa fiye da sau 50, har ya kusa cinye duk farin da mai zanen ya bari. Da talaka ne ya yi haka da an ce ɓarna.

Ƙarni na 20 ya zo da gardama: a riƙe burushi da tawada, ko a koma fentin mai irin na Turawa? Qi Baishi, wanda aka haifa a 1864 ya rasu a 1957, kafinta ne ɗan ƙauye, ya riƙe tsohuwar hanya amma ya cika ta da abin da manomi ke gani, jatan lande da kaguwa da kabeji da kwaɗi. A 2017 an sayar da jerin zanensa 12 na duwatsu da ruwa kan yuwan miliyan 931.5, kimanin dala miliyan 140, wato ya zarce kuɗin Basquiat a shekarar guda. Xu Beihong kuwa Faris ya tafi a 1919, ya koyo ƙirar jiki da inuwa irin na Turawa, ya dawo yana zana dawakai da tawadar gida. In kun taɓa ganin baƙin doki yana sukuwa a jikin kalanda ko faranti ɗan Sin, galibi salonsa ake bi. Haka furannin da ke jikin kwanukan jeren amarya da filas ɗin shayi, da yawansu daga tsohon fannin zanen fure da tsuntsu na Sinawa suka gangaro. Mun daɗe da zanen Sin a ɗakunan iyayenmu mata ba mu kira shi da sunansa ba.

Da Mao Zedong ya kafa mulki a 1949, zane ya zama ma'aikacin jam'iyya, kamar yadda ya tsara tun a jawabansa na Yan'an a 1942: a zana ma'aikaci da manomi da soja, fuska a sake, tuta ja. A zamanin Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an ci mutuncin tsofaffin masu zane, an ƙona ayyuka. Amma a daidai lokacin ne bango ya yi magana fiye da kowane zamani a tarihin ƙasar. Mutane suna rubuta manyan haruffa da burushi a kan faffaɗar takarda su liƙa a bango, suna tuhumar malaminsu ko shugaban ma'aikatarsu. Mao da kansa ya rubuta irin wannan a watan Agusta na 1966. Bayan mutuwarsa, a ƙarshen 1978, wani dogon bango a unguwar Xidan ta Bejin ya zama wurin da jama'a ke liƙa kokensu. Wani mai gyaran lantarki, Wei Jingsheng, ya liƙa takardar neman dimokuraɗiyya da sunansa a ƙasa, aka ɗaure shi shekara 15 a 1979, a 1980 kuma aka cire 'yancin liƙa irin wannan takarda daga tsarin mulki.

Masu binciken tarihi da yawa daga watan Satumba na 1979 suke fara ƙirga zanen Sinawa na zamani. Wasu matasa da ke kiran kansu Taurari, cikinsu har da Huang Rui da Ma Desheng da Wang Keping, ba su sami shiga babban gidan zane na ƙasa ba, sai suka rataye ayyukansu a jikin shingen ƙarfen lambun da ke gefensa. 'Yan sanda suka hana. Ke nan shi ma wannan fanni a bakin titi aka haife shi, ba da izini ba. A shekarun 1990 aka sami waɗanda duniya ta fi sani, kuma yawancinsu da fentin mai suke aiki: Yue Minjun mai zana fuskarsa tana dariya baki har kunne, dariyar da ba daɗi a cikinta, Fang Lijun mai zana kawuna ƙwal, Zhang Xiaogang mai hotunan iyali masu ido a bushe irin na tsohon hoton situdiyo, Wang Guangyi mai haɗa hoton ma'aikatan zamanin Mao da tambarin Coca-Cola. A 2013 an sayar da wani aikin Zeng Fanzhi a Hong Kong kan dala miliyan 23.3. Wata tsohuwar masana'antar kayan lantarkin soja a Bejin, mai lamba 798, ta koma unguwar masu zane da 'yan yawon buɗe ido.

Inda hanyoyin suka haɗu

Mutum uku sun isa su nuna cewa iyakar da ke tsakanin fannonin biyu ba ta da kauri.

Zhang Dali an haife shi a Harbin a 1963, ya yi karatun zane a Bejin, ya bar ƙasar bayan murƙushe masu zanga-zanga a dandalin Tiananmen a 1989, ya zauna a birnin Bologna na Italiya inda ya ga girafiti. Da ya dawo a 1995 ya tarar ana rushe tsofaffin unguwannin Bejin don a gina dogayen benaye. Duk gidan da za a rushe, ma'aikata sukan rubuta masa harafi guda babba a cikin da'ira, ma'anarsa "rushe". Wanda ya ga jan gicciyen da ake shafa wa gidaje a Abuja kafin katafila ta zo ya san nauyin irin wannan alama. Zhang ya riƙa fita da dare da gwangwanin fenti, yana fesa kan mutum ƙwal, ta gefe, da layi ɗaya, sau da yawa dab da harafin hukuma. Cikin shekara uku ya yi fiye da 2,000. Yakan sa hannu da AK-47 ko 18K, ɗaya yana nuni ga ƙarfin tuwo, ɗayan ga zinariya. Wani lokaci yakan sa a fasa cikin kan da guduma ya zama taga, ta cikin ramin kana hango sabon bene ko tsohuwar fada, sai ya ɗauki hoto. Bangon ya tafi, hoton ya shiga gidajen baje koli. Ya kira aikin Tattaunawa, ko da yake hukuma ba ta cika amsawa ba. Abin lura shi ne kan nan ja ɗaya ne ba ɗagawa, hannun wanda aka horar ne, gwangwani kawai ya maye gurbin burushi.

Na biyu bai taɓa shiga makarantar zane ba. Tsang Tsou-choi, haifaffen lardin Guangdong a 1921, ya zo Hong Kong yana saurayi, ya yi aikin ƙarfi da kwasar shara. Wajen 1956 ya fara iƙirarin cewa ya gano a takardun kakanninsa yankin Kowloon nasu ne, Turawan Ingila sun ƙwace. Bai je kotu ba. Ya ɗauki burushi da baƙar tawada ya shiga rubuta salsalar gidansu, kaka da kakanni da mata da 'ya'ya, a jikin turakun fitila da akwatunan lantarki da ginshiƙan gada, yana kiran kansa Sarkin Kowloon. Ma'aikata su shafe, ya dawo ya sake, kusan shekara 50, har lokacin da yake tafiya da sanduna. Mutane suka ɗauke shi taɓaɓɓe. A 2003 aka nuna aikinsa a babban bikin zane na Venis. Ya mutu a 2007, kuma 'yan kaɗan ne daga rubutunsa suka rage a titi, ciki har da wani ginshiƙi a tashar jirgin ruwa ta Tsim Sha Tsui da aka rufe don kada ya goge. Kayan aikinsa na malamin gargajiya ne, wurin aikinsa na ɗan girafiti, saƙonsa kuwa kowane Bahaushe ya san shi: rigimar gado da ƙasa.

Na uku, Xu Bing, ya bi ta wata hanya. Daga 1987 ya shafe kusan shekara huɗu yana sassaƙa haruffa kimanin 4,000 a kan ƙananan katakai, ya buga littattafai da dogayen takardu da su, ya rataye daga rufi. Komai daidai da ƙa'idar tsofaffin littattafai, sai dai ba harafi ɗaya da ke da ma'ana, duk shi ya ƙirƙire su. Masu ilimi suka riƙa sunkuyawa suna neman wanda za su iya karantawa. Mutumin da ya girma lokacin da manyan haruffa a bango ke kai mutum kurkuku, ya yi rubutun da ba wanda za a kama da shi. Ɗan girafitin da ke murɗa sunansa har ya gagari karatu shi ma ya kai harafi matsayin da siffarsa ta fi saƙonsa.

Bambancin fa? Ba a ƙwarewa yake ba, don akwai gwani da ɗan koyo a kowane ɓangare. Yana ga izini, da kuma tsawon rai. Takardar mai zane tasa ce, ana naɗe ta a adana, ta yi ɗaruruwan shekaru, 'yan kaɗan su gani. Bango na wani ne, aikin na iya kwana ɗaya a shafe shi, amma duk mai wucewa ya gani ko yana so ko ba ya so. Mai burushi yana da malami da silsila, mai gwangwani yana da abokan dare. A nan ne nake ganin ake yawan ruɗewa. A birnin Chongqing, a 2007, hukuma da kanta ta ɗauki nauyin fente gine-ginen titin Huangjueping, tsawon fiye da kilomita guda, kusa da kwalejin zane ta Sichuan, ana tallarsa a matsayin titin girafiti. Kyakkyawa ne, amma abin da gwamnati ta sayi fentinsa ta duba zanensa kafin a fara ado ne, ba girafiti ba. Ainihin rubutun da ba izini a biranen Sin, wanda ya fi yawa, lambobin waya ne na masu buga takardun bogi, 'yan'uwan mai maganin basir ɗinmu. Tsofaffin Sinawa kuma sun samo hanyar da ba mai kama su: sukan fito lambu da safe da dogon burushi mai bakin soso da bokitin ruwa, su yi rubutu a kan daɓe, rana ta fito ya bushe.

Da wannan ma'auni, adon bangon Hausa ba girafiti ba ne, ko da yake baƙi sukan haɗa su. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim wajen shekarun 1830, da umarnin sarki ya yi aiki. Maginan da suka ƙawata fuskokin zauruka a Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram, da dagi da takobi, daga baya har da keke da mota da jirgin sama, maigida ne ya kira su ya biya, don mai wucewa ya san Allah ya buɗa masa. Ta fuskar horo sun fi kusa da mai zanen Sin: sana'ar gado, koyo a ƙarƙashin uba ko sarkin magina, da yaɓen da dole a gama siffanta shi kafin ya bushe. Haka mai zayyanar allon sauka, haka mai fentin mota. Ɗan girafitinmu na gaskiya shi ne yaron nan mai gawayi, da wanda ke fita da dare ya rubuta wa ɗan majalisa abin da ba zai iya faɗa masa da rana ba. Kuma maigidan da ya wayi gari ya ga an ɓata masa sabon filasta yana da gaskiya in ya kai ƙara wurin mai unguwa. Kyawun layi ba ya biyan kuɗin siminti.

Akwai maganar da ba a tsallakewa a ƙasar Shehu, wato hoton abu mai rai. Malamai da yawa suna hana shi, shi ya sa zayyana da adon masallaci suka karkata ga dagi da layi da da'ira. Fuskokin Yue Minjun ba za su sami bango a Wurno ba. Amma tushen fannonin biyu, wato harafi, ba ya cikin wannan saɓani. Musulmin Sin suna da salon rubutun Larabci nasu da ake kira Sini, mai kauri da sirantaka irin na burushi, kuma fitaccen gwaninsa a yau shi ne Haji Noor Deen Mi Guangjiang, haifaffen lardin Shandong a 1963, wanda ya yi karatun rubutu a Masar. A ɓangaren bango kuma akwai eL Seed, ɗan Tunisiya haifaffen Faransa, mai haɗa rubutun Larabci da gwangwanin fesawa. A 2012 ya rubuta aya a jikin hasumiyar masallacin Jara a garin Gabes da yardar limami, a 2016 kuma ya shimfiɗa rubutu guda a kan gine-gine kusan 50 a unguwar masu kwasar shara ta Manshiyat Nasr a Alƙahira, wanda ba a ganin cikarsa sai daga kan dutsen Muƙaɗɗam. Hasumiya dai wuri ne mai tsarki. Aya a bangon lungu wata magana ce daban, kuma ba na jin akwai malamin da zai yarda.

Gardamar da Sinawa suka yi tsakanin tawada da fentin mai mu ma an yi ta a nan. A 1958 ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiya suna cewa a ɗauki dabarar Turawa a haɗa da zanen gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda rubutunmu na allo, mai kaurin baƙi da jan wasali, wanda ba shi da na biyu a duniyar Musulmi, bai samu irin wannan gata ba yadda ya kamata, alhali Kano ta fitar da marubuta irin su Sharif Bala Gabari da aka buga Alƙur'anin hannunsu aka yaɗa. Wanda ya nuna abin da za a iya yi da irin wannan gado ɗan Sudan ne, Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya yi karatun zane a Landan, ya dawo Khartum ya baje ayyukansa irin na Turawa, jama'a ba su kula ba. Sai ya koma ga harafin da ya koya a gaban mahaifinsa, ya riƙa warware shi yana fitar da siffofi daga cikinsa. A 1975 gwamnatin Numairi ta tsare shi wata shida a kurkukun Kobar ba shari'a, inda ya riƙa zane a ɓoye a kan yagaggun takardun buhun siminti. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya ware masa baje kolin ayyukan rayuwarsa gaba ɗaya, karo na farko da suka yi wa wani mai zane ɗan Afirka haka.